Me ya sa ba a koya wa ɗaliban ilimin laburare yadda ake neman kuɗin bincike?

Ɗalibin da ya shiga sashen nazarin laburare da kimiyyar bayanai a jami'o'inmu zai shafe shekara huɗu yana koyon yadda ake tsara littattafai, da yadda ake ba kowanne lambarsa, da yadda ake adana takardu, da yadda ake taimaka wa mai neman bayani ya kai ga abin da yake so.

Idan ya dawo digiri na biyu, za a ƙara masa dabarun bincike da lissafin alƙaluma. Idan Allah Ya nufe shi da digirin digirgir, zai rubuta kundi mai kauri, ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

Amma a duk tsawon wannan tafiya, da wuya a zaunar da shi ko da na mako guda a nuna masa yadda ake rubuta takardar neman kuɗin gudanar da bincike.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Matashin malami yakan yanki wani abu daga albashinsa, ya buga takardun tambayoyi, ya raba wa ɗaliban da ke kusa da shi, ya tattara amsoshi, ya biya wata mujalla ta buga masa, ya ajiye takardar har lokacin ƙarin girma. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Binciken da aka yi da ragowar albashi ba zai wuce ƙofar jami'a ba, alhali aikin da ke jiran wannan fanni yana can cikin gari da ƙauyuka.

Ra'ayina shi ne, neman tallafin bincike sana'a ce kamar ɗinki ko gini. Tana da ƙa'idoji, ana koyonta a hannun wanda ya iya, ana kuma ƙwarewa da yawan yi. Lokaci ya yi da sassan laburare da bayanai za su mayar da ita darasi na dole ga ɗaliban manyan digiri, maimakon a bar kowa yana lalube a cikin duhu.

Fannin da tallafi ya yi wa reno

Abin mamakin shi ne, da kuɗin tallafi aka yanke wa wannan fanni cibiya a Najeriya.

A 1953 hukumar UNESCO ta shirya taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. A 1957 Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Birtaniya, ya duba halin da ɗakunan karatu ke ciki. Rahotonsa ne ya kai ga buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare a Kwalejin Jami'a ta Ibadan da kuɗin gidauniyar, ɗaliban farko suka soma karatu a 1960.

A Arewa kuwa, rahoton F. A. Sharr na 1963 kan buƙatun ɗakunan karatu na yankin ya share fagen buɗe sashen a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968.

Bayan shekarar 2000, gidauniyoyin MacArthur da Carnegie sun zuba kuɗi a wasu jami'o'in ƙasar nan, ciki har da na Zariya da Bayero ta Kano, aka samar da kwamfutoci da intanet a ɗakunan karatu, aka kuma horar da ma'aikata.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya faro ne daga takarda. Wani ne ya zauna ya bayyana matsala, ya faɗi abin da za a yi, ya lissafa abin da zai ci, ya gamsar da masu kuɗi. Mun gaji gine-ginen da sassan, amma ba mu gaji wannan dabara yadda ya kamata ba.

Dukiyar da ke hannunmu tana lalacewa

Wani zai ce, to mene ne abin gaggawa? Ga shi.

A Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Waɗannan su ne suka yi sa'a suka shiga hannun hukuma. Wasu masu ɗimbin yawa suna gidajen malamai, cikin gafaka da adaka da buhuna, inda gara da yoyon damina da rabon gado ke cin su kaɗan-kaɗan.

Ba tsofaffin rubuce-rubucen hannu kaɗai ba. Akwai kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Akwai Alfijir, jaridar ajami da aka riƙa bugawa a Kano. Akwai kaset-kaset da faya-fayan tafsiri da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo. Zaren kaset yana mutuwa da zafi da laima, injinan da ke kunna shi kuma kullum ƙara ɓacewa suke yi.

Akwai littattafan adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, a kan siririyar takardar da ba ta jure shekaru. Jerin sunayen waɗannan littattafai da masu nazari suka daɗe suna dogaro da shi, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka haɗa shi, aka buga a Jamus a 2004. Aikin kirki suka yi, sun cancanci yabo. Tambayar da ta rage gare mu ita ce, wa ya ɗora daga inda suka tsaya?

Darasin Tambutu ya isa misali. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye birnin a 2012, Abdel Kader Haidara da iyalan da ke riƙe da littattafai sun kwashe dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. Jarunta ce, babu musu. Amma akwatuna da motoci da masu dako duk kuɗi ne. Haidara ya samu masu taimako cikin gaggawa, irin su Asusun Prince Claus na ƙasar Holan, domin ya shafe shekaru kafin rikicin yana hulɗa da gidauniyoyi kamar Mellon da Ford. Sun san shi, sun san aikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Matsalar daga tambaya take farawa

Kafin maganar yadda ake rubuta takarda, sai mun faɗa wa kanmu gaskiya game da irin binciken da muke yi.

Duk wanda ya leƙa kundayen digiri na wannan fanni zai ga take iri ɗaya yana ta maimaituwa: sanin da ɗalibai ke da shi game da mujallun intanet da yadda suke amfani da su a jami'a kaza. Sunan makaranta kawai ake canjawa. Sakamakon ma an san shi tun kafin a fara: babu wuta, intanet ba ta da ƙarfi, kuɗi ba su isa ba, a ƙara horar da ma'aikata.

Babu mai kuɗin da zai biya a gano masa abin da kowa ya riga ya sani.

Yanzu kwatanta da irin waɗannan tambayoyi. Ta wace hanya macen ƙauye mai juna biyu take samun bayani kan lafiyarta, kuma maganar wa take yarda da ita: ta ungozoma, ta rediyo, ta malamar asibiti ko ta uwar miji? Ta yaya saƙon murya na ƙarya yake tashi daga waya guda ya game jiha a WhatsApp, kuma a hannun wa yake tsayawa? Ina manomi ke jin hasashen damina, kuma yana isa gare shi kafin ya yi shuka ko bayan ya yi?

Waɗannan tambayoyi ne na kimiyyar bayanai tsantsa, kuma rayuka na rataye a kansu. Mun ga yadda shakku kan rigakafin shan inna ya sa aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohi a 2003 zuwa 2004. Mun ga yadda jita-jitar wanka da shan ruwan gishiri don kare kai daga Ebola ta game ƙasa cikin dare ɗaya a watan Agustan 2014, mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Masu ba da tallafi a fannin lafiya da noma suna neman wanda zai fahimtar da su yadda bayani ke tafiya a cikin al'umma. Wannan kuwa gonar masana bayanai ce.

Idan masu gona ba su noma ta ba, maƙwabta za su noma. A 2022 wasu masu bincike, ciki har da malaman kwamfuta na Jami'ar Bayero, suka fitar da tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan da aka tantance, wanda suka sa wa suna NaijaSenti, da tallafin Asusun Lacuna. Tattara bayanai da rarrabe su da yi musu alama aiki ne da ɗan laburare ya gada. Ya kamata a riƙa ganinsa a irin waɗannan tawagogi.

Ina kuɗin suke?

A gida akwai TETFund. Asalinsa Asusun Harajin Ilimi ne da aka kafa a 1993, dokar 2011 ta sake masa fasali, kuɗinsa kuma daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni suke fitowa. Yana da ƙofofi biyu na bincike ga malaman manyan makarantun gwamnati.

Ta farko ita ce ƙaramin tallafin da ake nema ta hannun makarantar da mutum ke aiki. Nan ne ya dace sabon shiga ya gwada hannunsa. Ta biyu ita ce Asusun Bincike na Ƙasa, inda ake gasa da kowa a faɗin Najeriya, a rukuni uku: kimiyya da fasaha, ilimin ɗan Adam da zamantakewa, sai wanda ya ratsa fannoni daban-daban. Ana fara miƙa taƙaitaccen bayanin manufa. Wanda ya tsallake sai a nemi cikakkiyar takarda, daga nan ya je ya kare ta gaban kwamiti.

A waje akwai shirin ceto tsofaffin takardu da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ake kira EAP a taƙaice. An fara shi a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia. Sharaɗinsa shi ne asalin takardun ba ya barin ƙasarsu. Hotonsu ake ɗauka, a bar kofi a wata cibiya ta cikin ƙasa, a kuma sa a intanet kyauta. Yana da ƙaramin tallafi na share fage, wanda ake amfani da shi a gano abin da ke akwai kafin a nemi babba. An riga an yi ayyuka a Arewacin Najeriya ƙarƙashinsa.

Akwai ɗan'uwansa, MEAP, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wanda aka fara a 2018. Shi kuma ya fi mayar da hankali kan kayan ƙarni na 20 zuwa yau: jaridu, hotuna, kaset, fina-finai. Akwai kuma CODESRIA a Dakar, wadda tun 1973 take tallafa wa binciken zamantakewa na 'yan Afirka.

Sai dai a sani, tukunyar ba ƙara cika take yi ba. Rushe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya sa ƙungiyoyi da yawa da suka rasa kuɗinsu sun juya ga gidauniyoyi masu zaman kansu. Masu nema sun ƙaru, gasa ta yi zafi. Takarda mai rauni ba ta da wurin ɓuya.

Me ake koya a wannan sana'a?

Na farko, karanta sanarwa. Takardu da yawa ba sa ma kaiwa ga teburin masu tantancewa, domin mai su bai cika sharaɗi ba, ko ya zarce adadin shafuka, ko ya aika bayan an rufe. Shirin da aka kafa don ɗaukar hoton takardu ba zai gina maka ɗakin karatu ba, komai tsananin buƙatarka. Ka karanta sanarwar sau uku, ka duba jerin ayyukan da suka taɓa ba kuɗi, ka ga inda naka zai zauna a cikinsu.

Na biyu, shafin farko. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, wataƙila ma ba ɗan fanninka ba ne. Yana so ya ji abu huɗu nan take: mece ce matsalar, wa ta dama, me za ka yi, me zai canja idan ka gama. Ɗabi'armu ta buɗe rubutu da shafi uku na ma'anar kalmar bayani a wajen masana daban-daban tana iya wucewa a kundin digiri, amma a nan kashe takarda take yi.

A ce wani ya rubuta cewa yana son nazarin matsalolin adana rubuce-rubucen hannu a Arewa. Wani kuma ya ce a unguwa kaza ta tsohon birni ya ziyarci gidajen malamai 12, ya tarar da rubuce-rubuce a 9, uku daga ciki ruwa ya riga ya taɓa su, masu gidajen sun amince a rubuce, kuma cikin wata 6 zai fitar da jerin abin da ke ciki da hotunansu. Kai ne mai kuɗin, wa za ka ba?

Wannan ya kawo mu ga na uku: hujja. Ka je ka gani kafin ka rubuta. Ɗan ƙaramin aikin da ka yi da aljihunka, da hotuna kaɗan, da wasiƙar amincewa, sun fi dogon Turanci tasiri.

Na huɗu, daidaita alƙawari da ƙarfi. A ce tawagarka na iya ɗaukar hoton shafi 300 a rana da kyamara ɗaya, kuna aiki kwana 20 a wata. A wata 6 shafi 36,000 ke nan, idan babu ranar da wuta ko rashin lafiya ko rasuwa a gidan masu littattafai ta tsayar da ku. Idan ka yi alƙawarin shafi 200,000, mai tantancewa zai yi wannan lissafi da kansa, ya gane ba ka taɓa yin aikin ba.

Na biyar, kasafin kuɗi. Kowane kwabo ya kasance yana da aikin da aka ɗaura shi a kai. Kada ka kumbura farashi, domin suna da hanyar bincikawa. Kada kuma ka matse shi don ka burge, har aiki ya tsaya a tsakiya. Ka sa kuɗin wutar sola ko batir, da na'urorin ajiyar bayanai, da ladan mataimaka, da sufuri. Ka yi tunanin canjin kuɗi: wanda ya yi kasafi da naira a farkon 2023, lokacin da dala ke ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, kyamara da kwamfuta kuma da dala ake shigo da su.

Na shida, izini da amana. Littattafan gidan malamai ba kayan gwamnati ba ne. Akwai abin da iyali ba za su so ya hau intanet ba, kamar wasiƙun cikin gida da takardun gado da sirrin magani. Dole a yi musu bayani da harshen da suke ji, su san inda hotunan za su je, su kuma sami kofinsu. Idan binciken ya shafi hira da mutane, akwai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Na bakwai, tawaga. Ɗan laburare shi kaɗai ba zai karanta tsohon rubutun Larabci da ajami ba, ya kuma iya kwamfuta, ya kuma san kiwon lafiya. A nemo malamin Larabci ko na Hausa, a nemo na kwamfuta, a nemo malamin zaure da ya san hannun marubuta. A sa mata a tawaga, domin akwai ƙofofin da namiji ba zai shiga ba.

Na takwas, me zai faru bayan kuɗi sun ƙare? Ina za a ajiye abin da aka tattara, wa zai kula da shi? A watan Oktoban 2023 masu kutse sun durƙusar da kwamfutocin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya na tsawon watanni. Idan hakan ta faru a Landan, to babu hikima a ce kofi ɗaya tak ake da shi, ko a can ko a nan.

Na ƙarshe, rahoto da rasit. Tallafi na biyu a kan na farko ake gina shi. Wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace, ba kansa kaɗai ya rufe wa ƙofa ba, har da jami'arsa da waɗanda za su zo bayansa.

Idan kuma aka ƙi takardarka, ba ƙarshen duniya ba ne. Yawancin masu nema ba sa samu a kowane zagaye. Inda aka turo sharhin masu tantancewa, darasi ne kyauta daga ƙwararru. A gyara, a sake aikawa.

Ƙorafe-ƙorafe uku

Akwai masu cewa wannan ai bara ce da Turanci. Ban yarda ba. Mabaraci ba ya alƙawarin komai, ba a kuma tambayarsa abin da ya yi da sadaka. Tallafin bincike yarjejeniya ce: ga aiki, ga lokaci, ga kuɗi, ga rahoto. Kuɗin TETFund ma haraji ne, wato dukiyar jama'a da aka ware don wannan aiki. Barin su ba tare da an nema ba, ba mutunci ba ne, asara ce.

Akwai masu cewa sai da hanya. Ba zan ce babu son kai a duniya ba. Amma kwamitin da ke zaune a wata ƙasa bai san mahaifinka ba, bai san garinku ba, takardarka kawai yake gani. Sau da yawa abin da ake kira hanya, sanayya ce ta aiki: mutum ya halarci taro, ya gabatar da ƙaramin sakamako, ya amsa wasiƙa a kan lokaci, sunansa ya fito idan aka bincika a intanet. Irin wannan hanya kowa na iya gina ta.

Ƙorafi na uku shi ya fi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa: mai kuɗi shi ke zaɓar abin da za a bincika. Yakan faru a ɗauki hotunan littattafan wani gari, masani a Turai ya yi ta amfani da su, jikan mai littattafan kuwa ba shi da ko datar da zai buɗe su. Yakan faru a sa malamin gida ya yi ta yawon tattara bayanai, sunansa ya zo can ƙarshe ko ma a rasa shi.

Amma ina mafita? Wanda ya iya rubuta takarda shi ke jagorantar aiki, shi ke zaɓar tambaya, shi ke da bakin cewa ga inda za a ajiye kofi, ga yadda za a jera sunaye. Wanda bai iya ba, shi ake ɗauka ɗan rakiya. Koyon wannan sana'a shi ne maganin ƙorafin.

Haka kuma, takardar da za ta gamsar da gidauniya a waje, ita ce za ta gamsar da attajiri a Kano, ko majalisar masarauta, ko gwamnatin jiha, ko masu wakafi. Muna da masu hannu da shuni da ke gina masallatai da makarantu. Nawa ne daga cikinsu aka taɓa kai wa shiryayyen tsari na ceto littattafan kakanninsu, da lissafi da wa'adi?

Wannan bai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Tun a Tsarin Legas na 1980 ƙasashen Afirka suka sa wa kansu burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Najeriya kuma har yau tana nesa da shi. A ci gaba da matsa wa hukumomi. Amma gara ba ta jiran kasafin kuɗi.

Abin da ya kamata a yi

Sassan laburare da bayanai su buɗe kwas na zango guda ga ɗaliban digiri na biyu da na uku, wanda jarrabawarsa ita ce rubuta takardar neman tallafi ta gaske, zuwa ga sanarwa ta gaske. A kafa kwamitin gwaji a aji, ɗalibai su tantance takardun juna, su ɗanɗani zaman mai tantancewa. A matakin digiri na farko ma akwai dama, domin sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita.

Manyan malaman da suka taɓa samun tallafi su fito da takardunsu, waɗanda suka yi nasara da waɗanda aka ƙi, su ba na baya su karanta. Ɓoye irin wannan sani kamar laƙani ba ya ƙara wa kowa girma. Su kuma riƙa sa matasa a tawagarsu tun daga rubutu, ba sai an zo rabon takardun tambayoyi ba.

Jami'o'i su gyara gida. Ofishin kula da bincike ya riƙa sanar da malamai damarmaki a kan lokaci, ya taimaka da lissafin kasafi. Ofishin kuɗi ya saki abin da aka turo ba tare da jan ƙafa ba, domin mai ba da tallafi wa'adi ya sani. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire irin waɗannan kuɗaɗe na bincike daga asusun bai-ɗaya na TSA, wanda ya rage wani tarnaƙi. Saura na cikin gida. A kuma sa samun tallafi da kammala aikinsa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma.

Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, wadda take nan tun 1962, da hukumar rajistar ma'aikatan fannin, su mayar da wannan horo abin yi duk shekara a kowace shiyya. TETFund ya sha shirya bitoci kan rubuta takardar neman tallafi, amma bitar kwana uku a otel ba za ta maye gurbin koyo na zango guda da gyara a hannun malami ba.

Kai kuma matashin mai bincike, ba sai ka jira su ba. Ƙungiyar INASP ta Birtaniya ta daɗe tana gudanar da kwasa-kwasan kyauta ta intanet kan rubutun bincike da neman tallafi, da wayar da ke hannunka ma za ka iya bi. Ka buɗe lambar shaidar mai bincike ta ORCID, ita ma kyauta ce. Ka zaɓi sanarwa guda ka karanta ta da kyau. Ka ziyarci gidan malami guda, ko ɗakin ajiyar gidan rediyo guda, ko asibitin karkara guda, ka ga abin da ke can da idonka.

Sannan ka rubuta shafi ɗaya, ka ba wanda ba ɗan fanninka ba ya karanta. Idan ya iya maimaita maka matsalar da abin da za ka yi a kanta, ka kama hanya. Idan bai iya ba, ka sake rubutawa.

Damina za ta sake zagayowa, rufin da ya yi yoyo bara zai sake yi, kuma shafin da ruwa ya wanke ba ya dawowa. Allah Ya ba mu ikon ceto abin da ya rage.